Motar Asibitin da Muka Kira wa Auta

A New Bell ta birnin Douala aka haife ni, a unguwar Hausawa, cikin gidan katako da kwano da kakana ya kafa tun kafin a haifi Inna. Har yau in ka tambaye ni lambar gidan ba ni da amsa. An taɓa zuwa an shafa wasu lambobi da jan fenti a jikin ƙofofinmu, damina ɗaya ta wanke su. Lungunmu ba shi da suna. In baƙo zai zo, ce masa ake yi ya sauka a masallacin bakin titi, ya bi gefen kwata, ya wuce inda famfo yake a da, ya karya hagu a gidan mai kanwa. Famfon an cire shi tun ina yarinya, mai kanwa kuwa ko Inna ba ta riske shi ba. Amma haka muke kwatance, kuma baƙi suna isowa, domin duk wanda ya ɓata zai tambaya, a unguwarmu kuwa ba a rasa mai nuna hanya. Mun san juna har abin ya yi yawa. Mun san wanda ya kwana yana tari, mun san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya.

Wannan sanin ne Inna take tsoro. Ƙanwata, autarmu, ta yi ɓari bayan ɓari, kuma duk lokacin sai bayan mata sun gama shigowa suna yi mata barka suna zolayarta suna leƙa cikin. Inna ta ce baki ne. Ba ta kama sunan kowa ba, ta dai ce bakin mutane dafi ne ko da mai shi bai nufe ka da sharri ba. Saboda haka da Auta ta sake samun ciki, Inna ta kafa doka: daga ni, sai ita, sai mijin, babu mai ji. Ta ɗauko Auta daga ɗakin da suke haya ta maido ta ƙuryar gidanmu, aka ce wa unguwa ta tafi can unguwar Village wajen goggonmu taya jinya. Ranar awo takan fita da sassafe cikin dogon hijabi da niƙabi, wanda ya gan ta sai ya ɗauka baƙuwa ce ta kwana a gidanmu.

Na yi faɗa a kan wannan doka har muryata ta dushe. Ni tela ce, kekena yana ɗakin gaba, mata suna shigowa kullum kawo ɗinki, kowacce sai ta tambayi Auta, ni kuma in riƙa lafta ƙarya alhali tana bayan bangon katako tana danne atishawa. Na ce wa Inna wannan ba tsari ba ne, kurkuku ne. Ta dube ni ta ce, “Ke da bakinki kamar rediyo, in kin ga dama ki je masallaci ki karɓi lasifika.” Auta kuwa ta fi Inna yarda da abin. Wata ya bi wata cikin yana girma, ya wuce inda na baya suka tsaya, sai ni ma na yi shiru. Har na fara ɗinka 'yan riguna a ɓoye ina cusawa a ƙasan akwatin yadi.

Mijin Auta mutumin Katsina ne, bai daɗe da zuwa Douala ba, yana sayar da takalma a kasuwar Marché Central. Mutumin kirki, sai dai kunya ta yi masa katutu. Ko sunan matarsa ba ya iya kamawa a gabana, sai ya ce “mutanen gida”. Faransancinsa bai wuce na ciniki ba. Katin asibitin da Auta take awo, da lambar wayarsu, duk suna aljihunsa, don shi yake kai ta.

Sai mutum ɗaya da ya kamata in ambata. A can ɗaya ƙarshen unguwa, ta wajen titin baya, akwai wani tsoho da muke kira Baba mahauci. Ɓarin jikinsa ya shanye tun bara, aka shimfiɗa masa katifa a zaure, duk mai wucewa sai ya leƙa ya gaishe shi. Yana da ɗa a can unguwar Ndogbong wanda kullum yake aiko saƙon zai turo mota a kai tsohon asibiti. Unguwa kakaf ta san da wannan alkawari, har an fara yi masa dariya. In ka tsaya a ko'ina a cikin lungunanmu ka ce ina marar lafiya, hannu ɗaya kowa zai nuna maka.

Ranar da abin ya faru, ruwa ake yi tun safe, irin ruwan Douala da ba ya tsawa ba ya iska, sauka kawai yake yi kamar ba zai taɓa ɗaukewa ba. Kwatoci sun cika sun tumbatso, katakan da muke takawa mu tsallaka duk sun nutse. Bayan azahar ina kan keke na ji Auta ta ce “Yaya” a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, don watanni ke nan ba ta ɗaga murya a gidan. Na shiga na same ta durƙushe ta riƙe ƙafar gado. Zanenta ya jiƙe, kuma ba ruwan haihuwa ba ne. Jini ne, baƙi-baƙi, yana bin ledar ɗaki yana neman bakin ƙofa. Na taɓa cikin na ji shi tauri kamar ƙwarya.

Inna ta fara salati tana jiƙa tsumma. Na kira mijin na ce ya bugo wa asibiti yanzu yanzu su turo motarsu, jini take zubarwa, ba za ta iya hawa bensikin ba, wato babur ɗin haya, kuma taksi ba ya shiga lungunmu ko da rani. Na ce ya gaya musu su tsaya a masallacin bakin titi, zan jira su a can.

Abin da ya faru a rumfarsa daga baya na ji shi, daga bakinsa, yana kuka. Ya buga, mace ta ɗauka da Faransanci, ya rasa ta cewa, sai ya miƙa wa maƙwabcin rumfarsa ya yi masa tafinta. Ruwa ya tara maza a rumfar, dattawa da samari, duk sun yi tsit suna sauraro. Tafinta ya ce, “Wane ne ba lafiya?” A gaban wannan taro mijin Auta ya kasa buɗe baki ya ce matarsa ce, da ciki, tana zubar da jini. Ya ce, “Ka ce musu mutum ne a gida, jikin ya yi tsanani ƙwarai.” Haka aka faɗa. Aka yi kwatancen masallaci, aka ba da lambar wayarsa, ya cusa wayar a aljihu, ya haye bensikin cikin ruwa ya nufo gida.

Ni ban san da wannan ba. Na yafa mayafi zan fita, Inna ta riƙo hannuna a zaure.

“Kada ki tsaya surutu da kowa. In sun zo ki shigo da su kawai.”

“Inna, yarinyar nan mutuwa take yi, ke kina ta unguwa?”

“Na ce ki shigo da su kawai.”

Na fizge hannuna na fita. Ruwa ya kai mini ƙwauri, shara da ledoji suna shafar ƙafata. Na isa masallaci na tsaya ƙarƙashin rumfar kwanonsa ina kallon titi. Titin ya zama rafi. Wata taksi ta mutu a tsakiya, direban ya naɗe wando yana turawa. Wasu dattawa da ruwa ya hana su komawa gida bayan salla suna zaune a baranda, ɗayansu ya ce, “'Yar nan, lafiya kike tsaye cikin ruwa?” Na ce baƙi nake jira. Ya ce Allah ya kawo su lafiya.

Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Na dai san na koma gida na leƙa, na ga leɓɓan Auta sun yi fari, tana cewa tana jin sanyi, na sake fitowa da gudu. Sai can na jiyo jiniya. Daga nesa ta taso, ta wajen kasuwa, tana ƙaruwa a hankali. Na fita tsakiyar titi ina ɗaga mayafi tun ban ga komai ba. Ƙarar ta matso, ta matso, sai na ji ta karkata ta bayan gidaje. Ta bi ta bayan unguwa, inda nake jin ta amma ba na ganin ta. Sannan ta yi shiru.

Gabana ya faɗi, amma na ba wa kaina dalili. Titin masallaci ya cika da ruwa, dole su zagaya ta titin baya wanda yake kan tudu. Za su tsaya su kira waya, su tambaya. Na yanki lungu na nufi can. Wanda bai san New Bell ba zai ɗauka tafiyar ba ta da nisa, amma lungunanmu ba sa miƙewa. Wani ya toshe hanya da ɗakin wanka, wani ya ja katanga, sai ka bi ta tsakar gidan mutane kana sallama. Ranar kuma hanyar da na saba bi ta zama kududdufi, na koma da baya na sake wata. Ruwa ya tafi da takalmina ɗaya, na yar da ɗayan.

Ina tsakiyar wani lungu, tsakanin bango da bango, jiniyar ta sake tashi. Na tsaya cak ina sauraro. A raina na ce matsowa suke yi. Amma ƙarar raguwa take yi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Na ɓullo titin baya na tarar da taro a ƙofar gidan Baba mahauci. Mata da lema, maza da buhu a ka, fuskoki duk a sake. Can ƙarshen titi na hango farar mota tana karya kwana, fitilarta tana juyawa. Iya mai waina, wadda take suya a bakin wannan titin tun muna yara, wadda ta yi wa Auta wanka da hannunta tana jaririya, ta hango ni ta washe baki.

“'Yata, kin zo a makare! An tafi da Baba. Ashe ɗan nan na Ndogbong zai cika alkawari.”

“Iya, wace mota ce?”

“Ta asibiti mana. Suka tsaya nan gabana suna ta buga waya ba a ɗauka, direban ya leƙo ya ce, Mama, ina malad ɗin, wato marar lafiyar unguwar Hausawa, kusa da masallaci? Na ce ai ga gidan nan. Ni na shige musu gaba har zaure. Da ma tun safe numfashinsa yake sama-sama, suna ganin sa ba su ko yi tambaya ba. Hajiyarsa ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba, ta bi su.”

Tana faɗa tana murna, ta yi aikin lada. Masallatai a unguwarmu sun fi a ƙirga, akwai ɗaya a jikin gidan Baba ma. Ma'aikatan sun zo neman mutum wanda jikinsa ya yi tsanani, aka kai su gaban mutum wanda jikinsa ya yi tsanani. Na ga idanu sun yi mini caa. Na juya da gudu, Iya tana kira na tana tambaya ko lafiya.

A ƙofar gida na ci karo da mijin Auta yana sauka daga bensikin, jiƙe sharkaf. Na zaro wayar daga aljihunsa ba tare da na nemi izini ba, ga kiran direba nan jere bai ji ba. Na buga wa asibitin. Matar ta ce in kwantar da hankalina, motarsu ta ɗauko marar lafiyarmu, suna hanya. Na ce da ita da Faransancin da ban san ina da shi ba, marar lafiyarmu mace ce mai ciki wata takwas, tana kwance cikin jininta, wanda kuka ɗauka tsoho ne na wani gida. Na ji tana magana da wani. Ta dawo ta ce babu wanda ya gaya musu mai ciki ce, da an faɗa da ungozoma za su turo. Ta ce motarsu ɗaya ce, tsohon da ke ciki an riga an sa masa iska, ba za a sauke shi a titi ba, kuma ruwa ya haɗa cunkoso. Sai sun kai shi sannan su juyo.

“Madam,” in ji ta, “kada ku jira mu. Ku fito da ita ko ta wane hali.”

Na dubi mijin Auta. Ban zage shi ba a lokacin, babu sarari. Na ce ya nemo mai pus-pus, amalanken da ake tura kaya da shi daga kasuwa, shi kaɗai ne abin da zai iya ratsa lungunmu. Ya samo wani da ya fake a rumfar mai gawayi. Muka shimfiɗa katifar yara a kai, muka ɗauko Auta mu uku. Ta yi nauyi, kanta yana lilo, idanunta a buɗe amma ba mu take kallo ba. Da muka kwantar da ita cikin ya yi tsiri a sama, babu hijabin da zai ɓoye shi. Inna ta shiga ɗaki da sauri ta ɗauko babban farin zanen gado ta lulluɓe ta tun daga ƙafa har kai. Ta ce saboda ruwa.

Muka fito. Mai pus-pus yana turawa, mijin yana ja ta gaba, ni da Inna muna gefe muna tare ta kada ta zame. Ruwan ya ɗan tsagaita, mutane sun fara fitowa ƙofar gidajensu. Na ga wata mata ta ɗora hannu a ka. Na ga wani mai shago ya miƙe ya cire rediyo daga kunnensa. Sai na ji murya a bayanmu tana cewa, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.” Wata muryar ta amsa. Na waiga, maza sun fara bin mu a baya, shiru, kai a sunkuye, kamar yadda ake bin gawa. Kowane lungu muka wuce sai wasu su ƙaru. Wani yana tambayar wani a hankali, wa ya rasu a gidan tela? Da muka doshi masallaci dattawan baranda suka miƙe tsaye gaba ɗaya, ɗaya ya fara naɗe hannun riga zai karɓi jan amalanken.

Nan haƙurina ya ƙare. Na kama zanen na fizge shi na yi jifa da shi cikin kwata.

“Ba ta mutu ba! Auta ce! Ciki ne da ita, jini take zubarwa, mota muke nema!”

Inna ta yi wata ƙara kamar ita na fizge wa zane. Taron ya tsaya cak na ɗan lokaci, kowa yana kallon cikin, yana kallon jinin da ya rine katifar. Sannan unguwa ta motsa, kuma ban taɓa ganin ta motsa haka ba. Samari suka shiga ruwa har gwiwa suka tare titi. Aka tsayar da wata taksi, aka sauke fasinjojinta, ba wanda ya yi musu. Wani ɗan bensikin ya shige gaba yana hon yana buɗe hanya. Mata suna cillo zannuwa ta taga. Duk wannan bai ɗauki lokacin da na ɓata tsaye a rumfar masallaci ina cewa baƙi nake jira ba. Wannan tunanin ya zo mini a cikin taksin, kan Auta a cinyata, kuma haushi ya cika ni har na kasa yi mata addu'a yadda ya kamata.

A ƙofar asibitin muka ga farar motar, ta sauke Baba, direban yana juya ta zai koma neman mu. Ya sauko ya kama gadon turawa da kansa, bai iya haɗa ido da ni ba. Aka wuce da Auta ɗakin tiyata. A kan bencin jira muka tarar da Hajiyar Baba mahauci, ta taso da fara'a tana cewa ashe har kun biyo mu dubiya cikin ruwan nan, sai ta ga jinin da ke jikin zanena. Ta koma ta zauna. Inna ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

Likita ta fito ta kira ni gefe, don ni ce mai jin Faransanci. Ɗan namiji ne, ta ce, kuma bai daɗe da rasuwa a ciki ba. Jinin ya ƙi tsayawa sai da suka cire mahaifar. Auta za ta rayu in Allah ya so, amma ba za ta sake ɗaukar ciki ba. Ta ce kada mu gaya wa Auta sai ita likitar ta zo da kanta da safe. Na koma na fassara wa Inna da mijin kalma bayan kalma, ban sassauta ko ɗaya ba.

Washegari da hantsi Auta ta farfaɗo. Ni kaɗai ce a gefenta, Inna ta fita alwala. Jakar jini tana rataye tana ɗiga. Ta daɗe tana kallon silin, sannan ta juyo da ido ta same ni. Na riƙe hannunta ina shirya abin da zan ce in ta tambayi ɗanta. Leɓɓanta suka motsa, na sunkuya na kai kunnena.

“Yaya,” ta ce, “da kuka fito da ni, mutane sun gan ni?”

Na ce, “Duk unguwa.”

Ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefe ya shiga kunnenta. Ta ce, “Shi ke nan. Yanzu sai mu yi ta addu'a kada baki ya kama shi.” Ta zare hannunta daga nawa a hankali ta kai shi kan cikinta, tana lalube. Ta bakin ƙofa na hango likitar ta taho.